Cittar Kwalba a Gaban Bagade

A gidanmu, can gindin dutsen Kagoro, citta ce ta yi mana komai. Ita ta sa kwano a kan ɗakunanmu, ita ta kai ni makaranta ni da yayyena. Tun ina ƙarama nakan gane lokacin tsaga citta da shanyarta ya yi in na ga Mama tana goge ido da bayan hannu, don yatsunta sun ɗauki zafi. Baba dattijo ne a ikilisiya, manomi ne kuma wanda ba ya son a koya masa noma. In baƙo ya zo, kafin ruwan da aka ba shi ya sauka, Baba ya zaga da shi bayan gida yana nuna masa inda ya binne irin baɗi a inuwar mangwaro.

Sai ciwon nan ya zo. Duk wanda ya taɓa noman citta a ƙasarmu ya san shekarar da nake nufi. Damina ba ta yi nisa ba ganye ya fara rawaya, sai ya kwanta, in ka tona ka tarar da cittar ta ruɓe tana wari. Ba amfanin shekarar kaɗai ya tafi ba, har da iri, domin citta ba ta da ƙwayar da za a zuba a tulu a ajiye. Jikinta ake ɓallewa a mayar ƙasa. Wanda tasa ta ruɓe ba shi da abin shukawa, in kuma ya sayo a kasuwa, galibi ciwon ne ya sayo ya kawo gida da kansa. Baba ya gwada hakan, ya sake yin asara, daga nan ya koma masara da dawa, ya daina zancen citta gaba ɗaya.

A lokacin ina koyarwa a jami'a, ina kuma karatun digiri na uku a sashen nazarin tsirrai. Farfesar da ke duba aikina mace ce mai ƙaramar murya, ban taɓa ganin ta yi gaggawa ba ko da ruwa ya tare ta a hanya. Ita ta ce in bar abin da na fara a kan rogo in koma citta. Abin da muke nema shi ne iri mai tsabta, wanda ciwon bai shiga jikinsa ba, mu yawaita shi har ya kai a raba wa manoma su sake farawa.

Yadda ake yi ba wuyar faɗa. Ana samun cittar da ta tsira, a jira idonta ya fara toho, a wanke da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan a ƙarƙashin madubin ƙara girma a yanke can tsinin tohon, ɗan abin da bai kai ƙwayar acca ba. Wannan tsinin yana girma da saurin da ciwon ba ya cim masa. Sai a ɗora shi a cikin kwalba a kan wani abinci da muke dafawa ya daskare kamar agidi, a rufe, a jera a ƙarƙashin fitila. Wuyar a wurin yi take. Kwalabenmu na man shafa burodi ne da muka bi masu shayi muna roƙo, muna dafa su a tukunyar tururi. Ƙura kaɗan, ko numfashin mutum, ya isa ya sa fumfuna ta cinye kwalba. Ni da ba a san ni da rufe baki ba, a ɗakin nan na koyi yin aiki shiru, har abokan aikina suka ce da an sani da tun ina firamare aka ba ni citta. A ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ka zo da safe ka kwashe kwalabe ka zubar ka sake wankewa. Na yi fushi a ɗakin nan ba adadi, amma ranar da na ga koren ganye na farko ya miƙe a cikin kwalba mai tsabta, sai da na zauna a ƙasa don murna.

Abu ɗaya ne na riƙa nanata wa kowa: wannan irin mai tsabta ne kawai, ba wai ciwon ba ya kama shi ba ne. In ya taɓa ƙasa mai ciwo, ko fartanyar da ta shiga gona mai ciwo, ko ya kwana jikin ruɓaɓɓiyar citta, shi ke nan ya zama kamar sauran.

Baba ya zo ɗakin gwajin sau ɗaya, ranar da suka yi taron dattawa a Kafanchan. Ya tsaya ta bayan gilashi da hularsa a hannu ya daɗe yana kallon kwalaben. Ya tambaya ko da gaske wannan ciyawar da muka kulle citta ce. Na ce citta ce. Ya ce to, sai ranar da ya gan ta da yatsu zai yarda.

Da tsiran suka yi ƙwari muka fitar da su daga kwalba zuwa leda, suka saba da iska a ƙarƙashin raga, sai maganar ƙasa ta taso. Gonar jami'a a lokacin ba shinge, awakin unguwa sun ɗauke ta tasu, ga kuma tsofaffin gonakin citta kewaye da ita. Da na yi zancen a gida, Baba ya ce akwai wani yanki a sama, dab da dutse, inda tun zamanin kakana acca kaɗai ake zubawa, citta ba ta taɓa shiga ba, ruwan gonar kowa kuma ba ya gangarowa ciki. Muka je da Farfesa, muka ɗebi ƙasar muka gwada, ta fito lafiya.

Na kafa wa Baba dokoki ina fargabar zai yi watsi da su. Fartanya ta daban wadda ba ta fita daga wurin. Daron ruwan bilic a bakin shiga, kowa ya tsoma ƙafa. Ba a kawo ciyawar rufi daga gonar da aka taɓa yin citta. Ashe ban san mahaifina ba. Ya riƙe su fiye da ɗalibaina nesa ba kusa ba. Ya kewaye wurin da ƙaya, ya hana Mama bi ta nan zuwa ɗibar itace. Ranar da fasto ya zo ziyara ya ce bari ya leƙa wannan abin da ake ta faɗa, Baba ya sa shi ya cire takalmi ya naɗe wando ya shiga daro, shi kuma yana tsaye a kansa yana dubawa ko ruwan ya kai idon sawu. Mama ta ce ta ji kunya kamar ta nutse. Ni kuwa na yi dariya har da hawaye da ta ba ni labari.

A damanar nan na ga Baba ya dawo yadda na san shi. Da safe yana can, da yamma yana can. Rufin ciyawar da ya yi, ni da karatuna ban iya irinsa ba, ban kuma yi gardama ba. Layukan kowanne da sandarsa da lambarsa, domin ba abinci iri ɗaya muka ba su a kwalba ba, ina son in ga wanne ya fi yi. Baba bai damu da lambobin ba, amma ya san kowane gindi da ido. Ganye ya yi kore shar, ba rawaya ko ɗaya. Mutane suka riƙa tsayawa ta bayan ƙaya suna leƙe, shi kuma yana yi kamar bai gan su ba, alhali na san daɗi yake ji.

Cittar da ta fito daga kwalba ba ta yin yawa a shekarar farko. 'Yan ƙananan yatsu take yi, kuma dukkansu ƙasa za su koma, a sake, sannan a samu abin rabawa. Na faɗa wa Baba wannan da Hausa, na sake faɗa masa da yarenmu: ko yatsa ɗaya ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne. Ya ce ya ji. Muka tsayar cewa bayan Lahadin godiya za mu zo da Farfesa mu tone, mu auna layi layi.

Lahadin godiya ita ce ranar da kowace iyali take kawo mafi kyawun abin da gonarta ta bayar a gaban bagade, wato wuri mai tsarki da ke gaban coci. Ana kiran unguwa unguwa, a taso da waƙa da rawa, doya a ka, damin dawa a kafaɗa, kaza a hammata. A gidanmu abin ya wuce al'ada. Baba ya rene mu a kan cewa nunan fari, wato farkon amfanin gona, na Ubangiji ne, kafin a ɗanɗana, kafin a auna, kuma ba a kai masa ragowa. Muna yara mun sha kallon sabuwar masara muna haɗiyar yawu har sai an kai ta coci. Duk na san wannan. Amma a kaina abin da ke gindin dutse gwaji ne, shi kuwa Baba gona yake gani, kuma ba wanda ya yi tunanin tambayar ɗan'uwansa.

Ranar na taso daga Kafanchan a mashin na wuce coci kai tsaye, na samu an riga an fara, na zauna a baya cikin mata. 'Yan zumuntar mata suna buga tulu, coci ya cika har waje. Da aka kira unguwarmu sai na ji guɗa ta tashi daga bakin ƙofa tana bin layi. Na ɗaga kai. Baba ne a gaba cikin farin kaftaninsa, da daro a kafaɗa, yana taka rawa irin wadda rabona da ganinta tun kafin ciwon. A cikin daron citta ce, an wanke ta tas, tana ƙyalli. Ba sai an gaya mini ba. A duk ƙasar nan ba mai irin wannan cittar a shekarar sai mutum ɗaya.

Ya sauke daron a gaban bagade ya durƙusa. Masu karɓar baikon coci suka ɗauka suka juye a kan tulin kayan don su mayar masa da daronsa, kamar yadda ake yi wa kowa. Cittata ta gangara a kan doya da rogo da ke ɗauke da ƙasar gonakin gari duka, ta haɗu da 'yar ƙanjamammiyar cittar da wasu suka sayo a kasuwa don kada su zo hannu wofi. Ina kallo.

Ban san na miƙe ba sai da wata ƙawar Mama ta ja mini zane ta ce in zauna. Ko ba ta ja ni ba, ina zan je? Abin da ya kai bagade ba ya dawowa, ko yaro ya san haka. In ma ya dawo, ba shi da sauran amfani a wurina, ya riga ya taɓa abin da muka shekara muna kare shi daga gare shi. Na zauna, ana waƙa ina jin kamar in fashe da kuka. Bayan sujada aka yi gwanjon kayan a filin coci, mutane suka yi ca a kan cittar. Na shiga tsakiyarsu ina cewa a ci, a sa a shayi, amma kada a mayar da ita tsohuwar gona. Wasu sun ji. Wasu sun shuka, ta ruɓe musu kamar yadda na faɗa.

Da rana na same shi a inuwar mangwaro, ya cire kaftani yana shan kunu, fuskarsa fes. Na gaishe shi don dole, sannan na ce, "Baba, na ce maka kada a taɓa ko ɗaya."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake kirana. Ya ajiye kofin ya ce, "Ban ci ba, Mamana. Ban sayar ba, ban ba wani ba. Na Ubangiji ne kawai na cire."

Na ce wannan ba gona ba ce, aikin makaranta ne.

"Ƙasa ne ya ba da shi," in ji shi. "Ruwan da ya sha, yunibasiti ne ya aiko?"

Sai ya shiga yi mini bayani a natse, don hankalina ya kwanta. Ya tsoma ƙafa a daro kafin ya shiga. Da fartanyar wurin ya tona. Bai kwashe layi ɗaya ba, don ya san ina son kowane layi, sai ya bi su duka yana zaɓen gindin da ya fi kowanne kyau. Wato duk dokar da na kafa ya kiyaye ta, ya kuma lalata mini awo a kowane layi daidai wa daida. Na rasa ko ihu zan yi ko dariya. Na tashi na shiga ɗakin Mama na kwanta, ban ci abincin godiyar ba.

Da Farfesa ta zo muka tone sauran, ta bi ramukan da Baba ya bari tana kallo har muka gama. Ta ce awon dai ya tafi, sai wata damina. Irin da ya rage zai iya farfaɗowa in an lallaɓa shi, amma in aka sake cire masa manya irin haka, ba za mu kai ga raba wa kowa ba, komawa kwalba kuma aikin shekaru ne. Ta gaishe da Baba har ƙasa, ta yaba rufin ciyawarsa. A mota ne ta ce mini da mahaifinta yana da rai, abin da zai yi ke nan shi ma, sannan ta ce in san yadda zan yi.

Na yi ta tunani duk rani, har na ga kamar na samo dabara. Da shuka ta matso na je gida da fara'ata na ce wa Baba bana za mu ja wani layi daban a wajen sandunan, ba lamba, ba awo. Wannan nasa ne, ranar godiya ya tone shi duka ya kai coci, sauran kuma a bar mini. Ina jiran ya yaba hikimata.

Ya tambaya wane iri zan sa a layin. Na ce wanda ya rage bayan na cika nawa. Ya tambaya in nawa layukan suka fi nasa kyau fa. Na ce ai ba komai, duk citta ce.

Ya girgiza kai. "Abin da kin ware domin ba ki bukatansa, ba shi ne nunan fari ba. Ba zan ɗauki wannan in je gaban Ubangiji ba."

Na ce to ya yi mini alkawari ba zai taɓa sauran ba.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Mamana. In ya fito a ƙasana, mai kyaun zan kai."

Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba. Na san shi, na san ba taurin kai yake yi mini ba, iyakar gaskiyarsa ya faɗa. Mama ta yi ƙoƙarin shiga tsakani, ta ce a je a tambayi fasto, Baba ya ce ba fasto ne ya yi masa baftisma a kan wannan ba, tun kafin a haifi faston yake kai nunan fari.

A lokacin an kewaye mana wani ɗan lungu a jami'a da waya, muka dafa ƙasa muka cika buhuna, aka ce za a iya shuka a ciki, sai na yanke shawarar mayar da irin can. Ranar da na zo kwasar irin, na yi zaton Baba zai bar gidan. Bai bari ba. Shi ya tono shi daga inda ya binne, ya duba kowane yatsa, ya jera a kwali da busasshiyar ciyawa, ya ɗora a bayan mota da hannunsa, ya ce wa direba ya bi a hankali a wajen gada. Da na waiwaya yana tsaye a bakin hanya yana kaɗe ƙasa daga tafin hannunsa.

Yankin gindin dutse ya koma acca. Nakan zo gida ƙarshen mako, mu yi hirar coci, da ciwon gwiwarsa, da auren 'yar yayana, amma bai taɓa tambayata citta ba, ni ma ban kawo zancen ba. A buhuna kuwa ta yi kyau fiye da yadda muka zata. Daga wannan irin ne daga baya aka fara ba wa wasu manoma, kuma in aka mayar da ni ranar, motar zan sake kirawa. Amma duk damanar nan, in na tsaya cikin buhunan ina auna tsawon ganye, kewarsa nake ji, da yadda zai ce na sa ciyawa ba daidai ba.

Da Lahadin godiya ta zagayo na zo da wuri na zauna kusa da Mama. Aka kira unguwarmu. Baba ya shigo da damin dawa a kafaɗa, dawa mai kyau, wadda ya zaɓa zangarniya zangarniya. Yana tafiya ne kawai, bakinsa yana bin waƙar. Ya sauke, ya durƙusa, ya koma bencin dattawa.

Bayan an tashi muka kama hanyar gida tare, Mama ta tsaya wajen gwanjo. Da muka yi nisa sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Kun tone?"

Na ce sai cikin mako.

"Ya yi?"

"Ta yi, Baba. Ta yi sosai."

Ya gyaɗa kai, ya ɗan yi tafiya, sannan ya ce, "To, ke za ki yi wa Ubangiji godiya. Ni ba a hannuna yake ba."

Na ce to. Muka ci gaba da tafiya, shi a gaba ni a baya, ban kuwa san ta inda zan fara ba.